Hanyar da Ta Narke a Bayan Salik

A kan ƙanƙarar teku suka haɗu, bakin ramin da Nivi take kamun kifi. Karen Salik ya sace mata kifi, shi kuma ya zo ba da haƙuri, haƙurin da ya cinye yini guda.

"Kai da karenka wa ya fi rashin kunya?"

"Shi kifi ya ɗauka. Ni mai kifin nake so."

Nivi 'yar tsibiri ce, ƙauyen su Salik kuma yana tsallake. In teku ta daskare, ta kanta ake bi da keken da karnuka ke ja. Sai dai yanzu wani ruwa mai ɗumi yana kwararowa daga kudu, yana cin ƙanƙarar ta ƙasa, mugu ɗan sari-ka-noƙe.

Da Salik ya nemi aurenta, mahaifinta Pavia ya kafe.

"Ba yaron na ƙi ba. Ƙanƙarar yanzu ba ta ɗaukar karnuka, ba ta barin kwalekwale ya wuce. In kin tsallaka, yaushe zan ƙara ganinki? Ke kaɗai kika rage mini."

Ga maƙwabcinsu Jokum kullum yana kawo wa tsohon nama, ba don Allah ba, Nivi yake so. Shi ya kawo labarin wai Salik ya kwashe kayansa kaf, birnin Nuuk zai koma.

Zuciyar Nivi ta karaya. Ta tura wa Salik saƙo ta waya: "Ashe tafiya za ka yi ko sallama babu?"

Amsa ta shigo: "Tafiya kam zan yi, hasken idona. Leƙo ta taga."

Ta leƙa. Ga shi can tafe, keke maƙare da katifa, tukwane, har murhu. Yana tafiya gaban karnukan, yana caccakar ƙanƙarar da sanda kafin ya taka. A bayansa baƙin ruwa yana buɗewa. Nivi ta ruga bakin teku tana kuka tana dariya.

Salik ya durƙusa gaban Pavia.

"Baba, hanya ta narke a bayana. Ko ka ba ni ita in zauna nan, ko ka ciyar da ni da karnukan nan har baɗi."

Tsohon ya dubi karnukan, ya share ido.

"Aurar da ita ya fi sauƙi. Nivi, ɗora tukunyar kofi!"

Ranar biki Jokum ma ya sha kofi, da ɗaci. Pavia ya sa wa ango da amarya albarka, gidan amarya kuwa daga tagarsa yake hango shi.