Babin Ƙarshe da Ya Ɓata Hanya

Ranar da ta fara shiga shagon ɗinkin littattafai, ba ta ga mai shagon ba sai da ya yi atishawa. Yana can bayan tulin littattafai marasa bango, allura a hannu, zare a baki, gam ya bushe a yatsunsa.

"Sannu da aiki," ta ce ƙasa-ƙasa. A gida Shiru ake kiranta, kuma ba a yi mata sharri ba.

Ta ajiye littattafai biyu na marigayiya kakarta a kan tebur. Girmansu ɗaya, takardarsu iri ɗaya, ɗinkinsu ya warware, gara kuma ta cinye ƙasan shafukan har da lambobin. Ɗaya labarin tarihi ne da soyayya, "Mai Gadin Ganuwa". Ɗayan na jan hankali zuwa ga Allah ne, "Tuban Mai Rijiya".

"Za su ɗinku?"

"Waɗanda suka fi su jin jiki ma sun ɗinku." Ya karɓi lambar wayarta yana rubutawa, sai ya tsaya. "Na san wannan lambar. Ke ce mai yi mana sharhi a zauren makaranta littattafai na waya?"

Ta rasa inda za ta sa idonta.

"Ina ciki," ya ce. "Ban dai taɓa magana ba."

"Ni ma a can kaɗai nake magana."

Suka yi dariya tare, kowa yana kallon tebur. Kafin ta isa gida ta adana lambarsa da suna Mai Zare.

Bayan mako guda ya turo saƙo: "Mai Sharhi, marasa lafiyarki sun warke. Ki zo da kanki, ba na sallamar majinyaci a hannun ɗan aike."

Ta je da kanta. Ta sake zuwa da wani littafin da babu abin da ya same shi. Shi ma ya karɓa ya juya shi, ya ce lallai yana bukatar a duba shi kwana biyu.

Na rijiyar ta miƙa wa Abbanta, tsohon ma'aikacin safiyo, mai awon filaye, da ritaya ta zaunar a falo. "Ƙagaggen labari ƙarya ce da aka yi wa bango," ya ce. Amma ya karɓa.

Ita ta zauna da na ganuwar. Wani sojan zamanin da ne yake ba da labarinsa da bakinsa: yadda yake gadin ƙofar birni, yadda ya kamu da son 'yar mai tukwane, yadda yaƙi ya raba su. Ya dawo da rauni a kafaɗa, ya nufi gidansu. Shiru ta juya shafi da sauri.

Sai ga mai ba da labarin ya tsufa, yana zaune shi kaɗai a bakin wata rijiya yana neman gafara. Babu doki, babu ganuwa, babu ko sunan yarinyar har shafin ƙarshe.

Ta koma baya. Ta sake karantawa. Wace rijiya? Yaushe ya tsufa? Kwana uku tana yawo da tambayar har ta zuba wa Abba gishiri a shayi. A rana ta huɗu ta gane, ko ta zaci ta gane: marubucin ya tsallake shekara arba'in ne da gangan. Sojan ya rasa ta, kuma ciwon ya kai har ba ya iya furta sunanta. Ta yi kuka mai isarta, ta rubuta sharhin da ya fi kowanne kyau a rayuwarta, ta tura zaure.

Mai Zare ne ya fara turo mata saƙo ta gefe: "Ban karanta littafin ba, amma sharhinki ya sa na ɗinke yatsana da shafi. Allah kada ya tsufar da ni a bakin rijiya ni kaɗai, Mai Sharhina."

Tana cikin murmushi amsar Dakta ta shigo zauren. Dakta malaminta ne a jami'a, ɗan aminin Abba, kuma wata uku ke nan yana zuwa gaisuwar da ta wuce gaisuwa.

"Wane littafi kika karanta? An ɗaura aure a babin ƙarshe, har da kiɗa. Babu rijiya ko ɗaya. Wannan ita ce illar sharhi ba tare da horo ba."

Mutum ɗari uku ne a zauren. Hotunan dariya suka yi ta sauka kamar ruwan sama.

Da safe ta shiga shagon ba sallama, ta ajiye littafin. Ya buɗe ƙarshensa, ya bi zaren da yatsa, ya ɗaga takardar ga haske. Sai ya zauna a hankali.

"Ina ɗayan?"

"Yana wurin Abba."

"Innalillahi. Na musanya musu ƙarshe. Babu lamba, takarda iri ɗaya, kuma ranar hankalina... ba ya wurin."

"Kana nufin kuskurenka na yi wa kuka?"

"Mai Sharhi..."

"Kada ka sake kirana haka. Yanzu ni kaina ban san ko na iya karatu ba."

Ta fita. Abin da ya fi rikita ta shi ne har yanzu in ta tuna tsohon nan a bakin rijiya, sai idonta ya cika. Ta yaya abin da ba gaskiya ba zai yi ciwo haka? In ta karanta littafi ta ga abin da babu, to wataƙila abin da take gani a idon Mai Zare ma babu shi.

Yayarta, wadda ba ta iya riƙe magana ko ta minti biyar, ta kwashe komai ta kai wa Abba, har da zaryar shago.

"Mai ɗinkin littafi?" Abba ya cire tabarau. "Wanda ya haɗa kan wani da ƙafar wani? Shi zan ba 'yata ya riƙe? Ga Dakta nan, mutum mai lissafi."

Dakta kuwa ya zo da yamma da sabon kwafi a leda. "Kada ki damu," ya ce, "in kin zo gidana zan koya miki yadda ake karatu." Ta ce ta gode. Ba ta buɗe ledar ba.

Kwana biyar babu saƙon Mai Zare. Ta ce ya gudu. A rana ta shida, mutumin da bai taɓa magana a zaure ba ya yi magana:

"Assalamu alaikum. Ni ne mai ɗinkin da yawancinku ke kawo wa littattafai. Ni na ɗinka ƙarshen wani littafi a jikin nata. Abin da aka sa a gabanta ta karanta, kuma ta karanta shi fiye da yadda zan iya. Mai dariya ya yi da ni. Wanda ya fasa kawo mini aiki bai yi laifi ba."

Kafin azahar mutum huɗu suka je suka kwashe littattafansu. Da la'asar Mai Zare ya yi sallama a ƙofar gidan su Shiru, allura da zare a aljihu.

"Abba, na zo in gyara ɓarnata. Littafin da ke wurinka ma ya shafa."

"Nawa? Nawa lafiyarsa ƙalau." Abba ya jawo shi daga ƙarƙashin matashin kujera. "Tsoho ya tuba, Allah ya ba shi 'yar mai tukwane, aka sha biki."

Shiru, da ke tsaye a bakin ƙofa da faranti, ta ce, "Abba, daga ina 'yar mai tukwane ta fito?"

"Ni ma na yi mamaki. Har da doki da takobi, mutumin da ko jaki ba shi da shi. Sai na ce arzikin Allah ba ya sallama." Ya dubi saurayin. "Kana nufin ba a ba shi ita ba?"

"A'a, Abba. Shi kaɗai ya ƙare a bakin rijiya."

Abba ya daɗe yana kallon littafin. Dama sau uku ya karanta babin nan, Umma shaida ce, har da jan hanci.

"Ba za ka taɓa mini shi ba," ya ce, ya mayar ƙarƙashin matashi. "An ce ka tona wa kanka asiri gaban mutum ɗari uku. Wa ya sa ka?"

"Kuskurena ne, ita ake yi wa dariya."

"Shekara talatin ina awon filaye. Na ga masu kuskure sun fi a ƙirga. Waɗanda suka dawo da ƙafarsu suka ce ni ne, ba su cika yatsun hannu ɗaya ba." Ya juya. "Ke Shiru, me kika ce?"

Wannan karon ba ta koma baya ta sake karantawa ba.

"Shi nake so, Abba."

"Ikon Allah!" Yaya ta ce daga kicin. "Ashe tana magana!"

Saƙonsa ya riske ta kafin ta ajiye farantin: "Babina na ƙarshe, na yi alkawari wannan karon zan duba lamba."

Ta amsa: "Kada ka duba. Ka ɗinka kawai."

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Mutanen zaure suka zo da yawa, har da huɗun nan, ɗauke da littattafansu. Abba ya dafa kan ango da amarya, ya ce Allah ya haɗa kansu haɗin da ba ya warwarewa, ya sa albarka a farko da ƙarshe. Aka ce amin.

Na ganuwar yana kan kantar amarya, sojan yana nan a bakin rijiyarsa. Na rijiyar kuwa Abba ya hana a fita da shi daga falo.