Saura Gefe Ɗaya

Ƙafafun Ɗigo ne suka tona asirin bargon. Yarinya ta kwanta barcin rana, in an rufe kafaɗa ƙafa ta leƙo, in an rufe ƙafa kafaɗa ta fito. Shekararta huɗu, shi kuwa bargon na jarirai ne, wanda uwarta ta harhaɗa da ƙyallaye tun tana da cikinta. Kuma ko sama da ƙasa za su haɗe, Ɗigo ba ta barci sai da shi.

Maman Ɗigo tela ce. Tun safe take kan keken ɗinki, bayanta kamar zai ɓalle. Shekara biyu ke nan da mijinta, direban babbar mota, ya yi hatsari, ƙafafu suka daina ɗaukarsa, hannun dama ya shanye. Ita ce ci, ita ce sha, ita ce ɗagawa da kwantarwa. Tana son mijinta, wannan ba a magana, amma ta gaji, irin gajiyar da barci ba ya warwarewa.

Wata rana tana farke bakin bargon da reza, sai ga Ummanta ta yi sallama, riƙe da sabon bargo cikin leda.

"Ungo, ki jefar da tsumman nan."

"Ba za ta yarda ba, Umma. Ƙara masa faɗi zan yi, ƙyalle nake nema."

"Ga yadin mutane jibge a gabanki!"

"Sabo ba ya yi. Da an wanke zai tsuke, ya ja tsohon ya yage. Sai wanda ya sha wanki."

Umma ta yi tsaki. "Ke komai sai ki ce za ki yi masa faci! Dubi wuyanki, duk ƙashi. Ni na haife ki, ba zan zuba ido ki ƙare a tsaye ba. Ran Asabar Yayanki zai zo da mota. Ki haɗa kayanki, shi kuma danginsa su zo su ɗauki abinsu."

Maman Ɗigo ta buɗe baki, amma "a'a" ɗin ya ƙi fitowa. Wannan shi ya fi ba ta tsoro. Wani sashe na zuciyarta ya riga ya hau motar.

Labule ne kawai tsakaninsu da uwar ɗaki, kuma Direba kunnensa lafiya lau. Washegari da ta dawo daga kai ɗinki, ta tarar da shi ya yi sharkaf da gumi, almakashinta a hannun hagu. Rigunan yunifom ɗinsa guda uku, waɗanda take goge masa duk wata don ranar da zai koma aiki, ya yanka su tsiri-tsiri, a karkace.

"Innalillahi! Baban Ɗigo, me ka yi?"

"Sun sha wanki, ai za su yi." Ya kawar da kai. "Ki ƙara wa Ɗigo bargon da su, ta tafi da wani abu nawa. Ki bi Umma, Maman Ɗigo. Wallahi ban riƙe ki da komai ba. Na ga yadda kike dafa bango in za ki miƙe."

Ta zube a gaban gadon ta yi kuka mai isarta. Da ta share hawaye, sai ta ɗauki ƙyallayen ta auna a jikin bargon.

"Yankan nan naka ko ɗan koyo ba zai yi shi ba," ta ce tana jan hanci. "Riƙe min nan. Ja sosai mana! Korata za ka yi ka bar ni da ɗinki a karkace?"

Ran Asabar mota ta yi hon a ƙofar gida. Umma ta shigo, ba ta ga akwati ba, ba ta ga ƙunshi ba. Bargo ta gani shimfiɗe a cinyar surukinta, yana danne da hannu ɗaya, 'yarta tana bi da allura.

"Ina kayan?"

"Ba inda za ni, Umma. Ki yi haƙuri. Na gaji, ba zan ɓoye miki ba, amma ban gaji da shi ba."

Umma ta fizgi bargon za ta yi faɗa, sai idonta ya faɗa kan wani ƙyalle shuɗi a tsakiya. Tsohon zanenta ne, wanda ta ɗaura shekara uku tana jinyar marigayi mijinta, lokacin da nata dangin su ma suke cewa ta taho gida. Ta daɗe tana shafa shi da ɗan yatsa.

"Wa ya yi wannan yankan banzan?"

"Ni ne, Umma," in ji Direba, kansa a ƙasa.

"Gefe uku kawai suka isa," in ji 'yarta. "Saura ɗaya."

Yaya ya sake danna hon. Umma ta leƙa taga. "Kai, tafi abinka, ka ishe mu!" Ta zare tsohon mayafin da ke kafaɗarta, ta zauna a bakin gado.

"Miƙo almakashin. Wannan ya fi shekara goma yana shan wanki. Kuma daga yau Litinin da Alhamis ni ce a gidan nan, ke ki kwanta ki huta."

Direba bai koma tuƙi ba, amma ya koyi guga da hannun hagu, har maƙwabta suna kawo nasu barguna a ƙara musu faɗi. Haƙuri bai mayar masa da ƙafa ba, ya dai tsare musu gidansu. Iyayen da suka ga 'yarsu ta gaji, hannu ya kamata su sa mata, ba su farke mata aure ba.

Da rana Ɗigo ta kwanta, ta miƙe iya tsawonta, ƙafa ba ta leƙo ba.