Yatsu Arba'in a Kafin Marke

Ranar Alhamis bayan la'asar Bara'atu ta hau bayan babur ɗin Maikuɗi ɗan acaɓa a tashar Gwaram, murhun yumɓu na ɗaure cikin buhu a kan cinyarta, jakar takardu na rataye a kafaɗa. Kafin Marke za ta, wani ɗan ƙauye gaba da Sara, ta koya wa mata girki da itace kaɗan.

Aikinta ke nan. Tun shekarar da aka yanke Jigawa daga Kano wata ƙungiya ta buɗe ofis a Birnin Kudu, tana taimaka wa ƙauyuka su jure wa fari da ambaliya, a dasa itatuwa, a rage sara. Bara'atu ta ɗauka ta shiga da ƙafar dama. Sai ga shi shekara biyar tana ma'aikaciyar wucin gadi, duk wata uku ana sabunta mata takarda. Waɗanda ita ta nuna musu hanyar ƙauyukan duk sun zama na dindindin, har ɗaya ya samu kujera mai juyawa a Dutse, ya yi tumbi. Ita kuwa rana ta gama gasa ta, takalminta ya san kowace hanya daga Maruta zuwa Basirka.

Irin wannan aiki kuma yana da wata doka da ba a rubuta ba. Ko ka tara mata dubu ka wuni kana koya musu, in ba su dangwala yatsa a takardar mahalarta ba, to a ɗaki ka wuni.

Da safiyar ranar shugaban ofis, Malam Ishiyaku, ya kira ta.

"Bara'atu, gurbi ɗaya aka ba mu na dindindin, kuma ke nake so a ba. Amma saura miki ƙauye ɗaya. Gobe Juma'a rahoto zai tafi. Mata arba'in, yatsu arba'in. In babu, wallahi ba ni da bakin da zan kare ki, kuma ba za a sake sabunta takardarki ba."

"Malam, sau biyu ina zuwa. Na farko rafi ya cika, na biyu an yi musu rasuwa."

"Na sani. Su masu karanta rahoton ne ba su sani ba."

Abin da Malam Ishiyaku bai sani ba shi ne, wan marigayi mijinta ya riga ya yanke magana. In aikin nan ya ƙare, zai ɗauki 'yarta Rufaida ya tafi da ita Kano, ɗanta Nuru kuma a kai shi wurin goggonsa a Basirka. Yara biyu ke gare ta a duniya. Tsoron rabuwa da su ya hana ta cin abinci tun Talata.

Sun wuce Sara da kaɗan tayar baya ta yi faci. Maikuɗi ya sauka, ya duba, ya yi tsaki.

"Hajiya, sai na tura shi na koma wurin mai faci. Ki zauna a nan ki jira ni."

"Rana na faɗuwa, Maikuɗi. Ba ga hanya nan ta yanke ba?"

"Ta tsohon kurmi? Masu gawayi sun gama da shi tun bara, babu komai sai kututture. Ni dai ba na bi da yamma."

"Kai ka ga dama. In ka gama ka same ni."

Ta ɗora murhu a ka ta shiga.

Damina ce, ƙasa a jiƙe, kwaɗi na ta kuka a kwazazzabo. Ta yi tafiya mai ɗan nisa tsakanin gero da ya fi ta tsayi, sai gonakin suka ƙare, fili ya buɗe. Kututture ko'ina, baƙaƙe da farare, wasu sun kai faɗin tabarma. Wani ƙamshi ya doki hancinta, irin na ɗanyen icce da aka sara yanzu-yanzu, alhali Maikuɗi ya ce tun bara aka gama sara.

Can ta hango su. Mata ne zaune, kowacce a kan kututturenta, sun lulluɓe da zannuwa masu duhu.

Daɗi ya kusa kayar da ita. Ta ce a ranta, Allah sarki, sun gaji da jira sun fito tarye ta. Ta ƙirga da ido ta wuce hamsin, ta bari.

"Salamu alaikum!"

Wata tsohuwa da ke zaune a kan kututture mafi girma ta ɗago kai.

"Kin zo, malama. Ke muke jira."

Muryar a shaƙe take, ƙasa-ƙasa. Bara'atu ta ba su haƙuri kan makara, ta sauke murhu, ta shiga bayani kamar yadda ta saba. Ta nuna ƙofar wuta, ta nuna inda tukunya ke zama. Ta ce murhun dutse uku yana cin dami guda a kwana biyu, wannan kuwa sai ya kai mako.

A tsakiyar bayanin ta ji wani abu bai yi mata daidai ba. Shekara biyar tana taron mata, ba ta taɓa ganin wanda babu goyo ko ɗaya ba. Babu mai tari, babu mai gyara ɗaurin ɗankwali, babu mai raɗa da maƙwabciyarta. Sauron da ya bi ta tun daga gona ya bar ta. Kwaɗin ma sun yi shiru.

Ta kawar da tunanin. Ta ciro 'yan ƙirare uku daga buhu, ta sa ɗaya a gwiwa ta karya.

Ƙas!

Matan duka suka yi nishi lokaci guda, kamar an taka su.

"Wannan reshen," in ji tsohuwar, "daga ina?"

"A kasuwar Gwaram na saya, Inna."

"Na san shi."

Bara'atu ta yi 'yar dariya don ta ɗauka wasa ne. Ba wadda ta taya ta. Ta ƙyasta ashana, wuta ta kama, matan da ke kusa suka janye ƙafafunsu.

"In kowane gida ya yi wannan murhu, za a daina sara?"

"Za a rage, Inna."

"A rage kawai."

"Sannan muna raba dashe. A dasa sababbi."

Tsohuwar ta dube ta. "Ke za ki dasa?"

"In an bar ni a aikin."

"Me zai sa a bar ki?"

Bara'atu ta ciro takarda da kwalin tawada. "Wannan, Inna. Ku dangwala mini yatsa, a san na zo."

Suka miƙe. Ba ta ji motsin zane ko takun ƙafa ba, sai wata ƙara kamar ta reshe in iska na lanƙwasa shi. Suka yi layi.

Matan ƙauye ba su saba da takarda ba, don haka ma'aikaci ne ke kama babban yatsan mace, ya danna a tawada, ya danna a gurbi. Bara'atu ta kama na farko. Sanyi ƙalau, ga tauri, ga kaushi. Ta ce a ranta hannun noma ne. Ta danna. Ta biyu. Ta uku. Rana ta kusa nutsewa, ba ta ko ɗaga kai, sauri take yi.

A ta talatin da biyu hasken ya gaza, ta matsa da takardar kusa da wutar murhu don ta ga gurbi.

Ta ga zanen yatsun.

Ta kama yatsun mata sun fi dubu, ta san yadda zanen yatsan mutum yake. Waɗannan zobba ne, zobe cikin zobe cikin zobe, da ɗan tsagu daga tsakiya zuwa gefe. Ta juya a hankali ta dubi saman kututturen da ke kusa da ita.

Iri ɗaya.

Hannun da ke cikin nata bai motsa ba. Ta bi shi da kallo har gwiwar hannu. Ɓawo ne, a tsattsage, wani farin ruwa mai danƙo na tsatsowa daga tsagun.

Ta san inda take. Ta san su waye, mutanen ɓoye ne na itatuwan da aka sare. Ƙafafunta suka ce ta gudu.

Saura tara.

Ta tuna Rufaida a cikin motar Kano, tana leƙo ta taga. Hawaye ya zubo mata. Ta danna yatsan a tawada.

Talatin da biyu.

"Hannunki na rawa, malama," in ji tsohuwar daga bayanta. Ba ta ji zuwanta ba.

"Sanyi ne, Inna."

Talatin da biyar. Danƙon ya manne mata a tafin hannu.

Talatin da takwas. Tana so ta karanta Ayatul Kursiyyu, harshenta ya ƙi juyawa.

Arba'in.

Ta ɗaga kai. Layin bai ragu ba. Ya miƙe har ƙarshen fili, ya shige cikin duhun gero.

"Sun isa," ta ce da raɗa. "Na gode."

"Ba su isa ba." Numfashin tsohuwar na kan wuyanta, yana warin tokar gawayi. "An sare mana gidaje. Tun bara muna zaune a rana, ruwa na dukanmu. Ba wanda ya zo sai ke. Kin rubuta mu, mun zama naki."

"Inna, ina da yara."

"Mu ma muna da su."

Wani abu ya nannaɗe mata idon sawu, siriri, mai sanyi, yana fitowa daga cikin ƙasa.

Daga nesa, can hayin rafi, ladanin Kafin Marke ya ɗaga murya da kiran magariba.

Harshenta ya saku.

"A'uzu billahi! A'uzu billahi!"

Ta fizge ƙafa, fata ta saɓule. Ta cusa takardar cikin riga, ta zura da gudu. Wani hannu ya damƙi mayafinta, ta bar masa. Kututture ya tare ta, ta faɗi, ta tashi. A bayanta babu ihu, babu takun gudu, sai ƙarar rassa, kusa, kusa.

Ta faɗa cikin gero. Ganye na yankar fuskarta.

Fitilar babur ɗin Maikuɗi ta haske ta.

"Hajiya! Innalillahi! Ina mayafinki? Ina takalminki?"

"Ja mu tafi, Maikuɗi. Kada ka waiwaya."

Bai waiwaya ba. Har suka isa Gwaram bai tambaye ta komai ba, sai salati yake yi.

Da safe ta tsaya a bayan ofis da takardar a hannu ɗaya, ashana a ɗayan. Daga baya ta mayar da ashanar jaka ta shiga.

Malam Ishiyaku ya ƙirga da bakin biro, bai ko kalli zanen ba.

"Arba'in cif. Barka, Bara'atu, gurbin naki ne." Ya turo mata takardar ɗaukar aiki. "Kuma kin yi farin jini. Da sassafe wata tsohuwa ta zo nan, ban san yadda ta riga maigadi shigowa ba. Ta ce su ba su yarda da kowa ba sai ke. Don haka na ba ki yankin tsohon kurmin nan gaba ɗaya, da aikin dashensa. Sun ce duk Alhamis da yamma ya fi musu."

Bara'atu ta dubi takardar. Ta ga layin albashi, ta ga kalmar dindindin. Ta karɓi biro ta sa hannu.

Yaranta sun girma a gabanta, ba wanda ya raba su. Duk Alhamis takan ɗauki dashe ta tafi ita kaɗai, ta dawo kafin a kira magariba, ba ta taɓa gaya wa kowa abin da take gani ba. Ta daina girki da itace. Kurmin ya fara tashi, ana ta yabonta a rahoto.

Sau uku ana aiko mata da takardar ƙarin girma zuwa Dutse, abin da ta daɗe tana mafarki. Sau uku tana buɗe ambulan a rufe, ta tarar an riga an dangwala yatsa a inda za ta sa hannu, zobe cikin zobe, tawadar ko bushewa ba ta yi ba. Sai ta linke ta mayar wa Malam Ishiyaku, ta ce ita nan ya fi mata.