Dodon Da Ya Ƙi Juyawa

Kai, jama'a! Na tsufa a Porto-Novo, ban taɓa ganin safiya irin wannan ba. Masunta suka tsamo gawar yaro a gulbi, Sewanu ɗan Mama Yemalin mai ƙosai. Tun ranar kasuwa ya ɓace, shi da ƙanwarsa Senami.

Sufeto Hunkpatin ya durƙusa, ya buɗe hannun gawar. Zaren tukurwa ne rinanne, irin na jikin Zangbeto, dodon nan mai gadin gari, mai kama da jinkar ɗaki.

"Ranka ya daɗe, wannan ya tafi," in ji uwar. "Nemo mini Senami."

Ƙanin uwar, Mautin makaɗin dodo, ya fi kowa kuka. "Yallaɓai, ina gona ranar. Ko gulbi ban leƙa ba."

Da rana Sufeto Avoseh na Badagiri, tsallaken iyaka, ya bugo waya. "Ɗan'uwa, me ya sa dodonku ya ishe mu da ziyara? Duk ranar kasuwa sai ya tsallako a kwalekwale da makaɗa. Yarana ba mai yarda ya taɓa shi."

Hunkpatin ya garzaya wurin Baba Dansu, shugaban masu dodo.

"Wa ya tsallaka? Namu suna ɗaka, ban ba kowa izini ba!" Tsohon ya miƙe. "Ɗauko mini sandata."

Ranar kasuwa ta zagayo. Jirgin 'yan sandan Badagiri ya tare gaba, na Hunkpatin, da Baba Dansu a ciki, ya tare baya. Ga dodo tsakiyar kwalekwale, ga Mautin da ganga. Hunkpatin ya dube shi.

"A'a, manomi! Gonar taka a ruwa take?"

"Yallaɓai, ka san al'ada. Ɗan sanda ba ya ɗaga wannan."

"Ba zan ɗaga ba. Baba, bismilla."

"Ɗan nan," in ji Baba Dansu, "ba dodon da zai ga ubansa bai juya ya gaishe shi ba. Kaɗa masa."

Mautin ya kaɗa. Dodo ko motsi. Sai aka ji tari daga ciki, ɗan siriri.

Tsohon ya sa sanda ya kifar da jinkar. Innalillahi! Yara huɗu a ɗaure, an toshe musu baki da tsumma. Senami ce ta ƙarshe, da rai. A can gidan Mautin aka ɓoye ta tun ranar da ta ɓace.

Mautin ya zube. "Masu fasa dutse na tsallaken iyaka ke sayen su don aiki. Mu da yawa ne, zan faɗi sunaye. Sewanu numfashi ya ƙare masa a cikin dodon, wallahi ban yi nufi ba!"

Aka buga masa ankwa. A bakin gaɓa Mama Yemalin ta goya 'yarta, ta tsaya gaban ƙanin nata.

"Kai ka riƙe ni ina kuka, Mautin."

Ta kwance ɗankwalinta ta rufe wa yarinyar ido, har motar 'yan sanda ta wuce da Mautin.