Farin Hannun Shitu

Shitu ya fara ganin Zuliha ne a wani kemis da take aiki a Agege, a shekarun da kuɗin fetur ya sa kowa jin kansa. Majemi ne a Oko-Oba, kuma farar ƙasar kamfani da suke jiƙa fata a ciki don gashi ya zube ba ta san bambancin saniya da mutum ba. Yatsunsa duk sun tsattsage.

Zuliha ta kwaɓa farar hodar zinki da mai, ta shafa masa da kanta. Ta ce ita ma wannan a masana'anta aka ƙona ta kamar waccan, sai dai ba ta cin nama. Kwanciya take a kan miki ta tsane shi, har sabuwar fata ta fito.

"Kullum za ka zo, Farin Hannu."

"Ko na warke?"

"Warke tukuna."

Mahaifinta, Alhaji Yakubu dillalin shanu, yana da yaron gida, Abdou, wanda shi ma yake sonta. Shi ya raɗa wa Alhaji cewa ciwon hannun Shitu kuturta ce. Ranar da Shitu ya je gaisuwa ya miƙa hannu, Alhaji ya ɓoye nasa cikin riga. Mutumin da ke yini cikin kashin shanu, sai ga shi da ƙyama.

Shitu ya ɗauke ƙafa, a zatonsa ita ma ta yarda. Zuliha ta hau motar danfo ta same shi a bakin ramin jima, ta ajiye masa gwangwanin magani da safar hannu ta roba.

Ya ce majema za su kira shi ungozoma.

"Su kira. Baba ba ya sauraron bayani, masoyina. Fata za mu nuna masa."

Sun kuwa kira shi. Bai cire ba.

Bayan damina ya koma ya sake miƙa hannu. Alhaji ya kama, ya juya shi ciki da baya, ya latsa tsakanin yatsu kamar mai tayin ƙirgi. Sannan ya jawo kwanon tuwonsa.

"Wanke ka sa hannu, yaro."

Aka ɗaura aure a masallacin unguwa, majema suka cika layi, wasunsu da safar roba a aljihu. Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya kuma bar masa ita su tsufa tare. Ba kowa ake bar wa ba.