Baƙar Tsakuwa

Tulun Filinna ya cika har yana tumbatsa a bakin maɓuɓɓuga, amma ba ta janye shi ba. Idonta na kan tafin hannun saurayinta Dorkon, inda wata 'yar baƙar tsakuwa ke kwance.

Ba ta buƙaci bayani ba. Shekara huɗu ke nan ruwan sama na yi wa tsibirin Kelaina rowa, har majalisar gari ta yanke hukunci: duk gida mai 'ya'ya maza biyu zai shiga ƙuri'a, gidan da ya ciro baƙar tsakuwa ya ba da ɗaya, su shiga jirgi su je su kafa sabon birni a hayin teku. Wanda ya juyo kuwa, da jifa za a tare shi a gaɓa.

"Saura kwana biyar," in ji Dorkon.

"Sun ishi biki."

"Filinna..."

Ya shiga jero mata abin da ya shiryo tun daga dandalin ƙuri'a. Ya ce ya zo ne ya sauke mata alkawari, don can ba gida ba gona, ba wanda ya san irin mutanen da za su tarar. Ta bar shi ya kai aya. Sannan ta tuna masa cewa madugun tafiyar na neman matar aure da za ta riƙe garwashin murhun gari har can, kuma har yanzu ba uban da ya ba da 'yarsa.

"Ka gama, rabin raina? To ɗora min tulu."

A gida ta tarar da baƙo. Telesiyas ne, wanda ya daɗe yana nemanta, zaune gaban mahaifinta Minason da kwandon ɓaure. Kawun Telesiyas ne ya riƙe tukunyar ƙuri'a, kuma duk gari na raɗe-raɗin yadda baƙar tsakuwa ta yi ta zagaye danginsu kamar mai jin kunyarsu. Filinna ta wuce ɗakin mata. Baƙon kuwa ya ɗaga murya yadda za ta ji, yana lissafo itatuwan zaitun ɗinsu da rijiyarsu da ba ta ƙafewa.

"Duk mai ba ɗan jirgi 'yarsa, Baba, kifaye ya shirya wa biki," in ji Telesiyas.

Da baƙon ya fita, ta zo ta durƙusa gaban mahaifinta ta faɗa masa abin da take so.

Minason manomi ne, tun rasuwar matarsa ba shi da kowa sai ita. Mutum ne da ko rijiya ta leƙa sai gabansa ya faɗi. Ya ce a da ya yi na'am da Dorkon, amma ai ba su kama hannun baiko ba tukuna. Ya ce teku ba ta da reshen kamawa. Ya kawo zazzaɓin baƙuwar ƙasa, ya kawo mayaƙan can da ba za su ba da filinsu a banza ba, ya kawo ranar haihuwa ba uwa ba goggo a kusa.

"In na mutu fa? Wa zai zuba min man hadaya a kabari?"

Wannan ta soke ta. 

"Baba, in ka ce in zauna, zan zauna, ba zan gudu ba. Amma kada ka kai ni gidan da aka saye ƙuri'a. Dorkon ya sa hannu a tukunya kamar kowa, abin da ya fito ya karɓa, bai turo ƙanensa ba. Irin mijin da ka ce za ka ba ni ke nan."

Ya ɗauki sandarsa ya fita.

Kwana uku ba ya yi mata magana. Ya fita da safe, ya dawo da yamma, ya ci gurasar sha'ir ɗinsa ya juya mata baya. Telesiyas kuma ya baza a kasuwa cewa magana ta ƙare, har 'yan'uwansa mata sun fara tsokanarta da amarya a maɓuɓɓuga. Filinna ta ci gaba da ninke mayafanta cikin akwati.

A rana ta huɗu wata maƙwabciya ta leƙo tana dariya, ta ce ta je ta ɗauko ubanta kafin masassaƙa su jefa shi ruwa. Kwana uku ke nan ya hana su sakat.

Ta ja mayafi ta gangara gaɓa.

Can ta hango shi kwance ƙarƙashin jirgin da aka janyo kan yashi, rigarsa duk kwalta, yana caka wa katakai tsinin wuƙa ɗaya bayan ɗaya. Masassaƙan suka ce katako har biyu ya sa sun canza. Dorkon na tsaye yana zufa, ana yi masa tambayoyi daga ƙasa: ya iya iyo da mutum a bayansa? Tulunan ruwa nawa aka loda? Wa ya taɓa ganin ƙasar nan da idonsa, ko duk an ce ne?

Minason ya rarrafo waje, ya ga 'yarsa. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya goge hannu a riga, ya kira madugu da masassaƙan su zama shaida, ya kama hannun daman Dorkon.

"Na ba ka 'yata, ku haifi 'ya'yan sunna."

"Na karɓa, Baba."

"Duk jirgin fatake da zai biyo ta nan, a aiko min da labari. Ko ba daɗi a aiko."

"Za a aiko."

Filinna ta faɗa ƙirjinsa, kwaltar ta ɓata mata mayafi. 

"Baba..."

"Ke kuma saurara," ya ce. "Tsakiyar jirgi za ki zauna, gindin dogon itacen da ake ɗaura zanen kama iska. Na gwada katakon wurin da kaina. Ya fi ko'ina ƙwari."