Ɓaunar da Ta Fasa wa Nomau Saifa

Tun kafin ladan ya yi gyaran murya Nomau ya saɓa bindigarsa ta toka, ya soke barandami a ɗamara, ya tasa abokin farautarsa Barmo a gaba suka nausa daji. Shekara arba'in yana wannan harka, ko ƙaya ba ta taɓa kwantar da shi ba.

Da hantsi suka tarar da sawun ɓauna a bakin fadama, kashinta har yana tururi. Nomau ya rarrafa cikin gamba har ya hango ta, ya ja kunamar bindiga, ya sakar mata wuta. Daram! Maimakon ta faɗi, sai ga ta cikin hayaƙi, kai a sunkuye. Ƙahon ya kuskure shi, amma goshin ya same shi a ƙasan haƙarƙarin hagu, ya yi sama ya dawo tim. Ita ma taku uku ta ƙara ta kife.

Barmo ya ɗaga masa riga. Ko ƙwarzane babu.

"Ka gani? Layarka ta yi aiki! Bari in gasa maka wurin, mu feɗe nama."

Ya tafasa ruwa, ya tsoma tsumma, ya shiga danna masa ciki kamar mai kwaɓin gini. Ji sakarci don Allah! Nomau kuwa zufa mai sanyi ta karyo masa, ga ƙishi, ga kafaɗar hagu tana sara alhali ba a nan aka buge shi ba. Ya sha feɗe barewar da karnuka suka maka da ƙasa, fata lafiya lau, ciki cike da jini.

"Ɗauke hannunka, ɗan banza! Ta ciki nake zuba. Goya ni zuwa titi."

"Naman fa?"

"Naman ubanka ne?"

Barmo ya goya shi yana ƙunƙuni, motar itace ta ƙarasa da su asibiti. Likita ya taɓa cikin ya ji shi kamar katako, nan take aka ɗaura masa jini aka tsaga. Saifa ta fashe kamar nunanniyar gwanda, aka cire ta ɗungurungum. Da wani ne da tuni an yi masa sallah, amma Nomau kwana tara ya miƙe.

Ranar sallama likita ya ce, "Baba, yanzu ba ka da saifa, ɗan zazzaɓi sai ya kai ka kushewa. Kullum a gidan sauro za ka kwana."

"Ni? Ɓauna ta ɗaga ni ta ajiye, sauro zan ɓuyar wa?"

Ya dai shiga. Har gobe in ya ji kukan sauro, daga cikin ragar yake aika masa da ashar.